Buhu In Ya Taɓa Ƙasa

Ran kasuwar Dungas da ta wuce ina zaune a ƙofar zaurena, sai ga Mutari ɗan ƙanena ya sauka daga kabu-kabu, ya gaishe ni a tsaitsaye, ya ce shi ma ya shiga harkar wake. Na ce madalla, ina magazarka ta ajiye kaya? Ya nuna mini waya. Ina tiyarka ta awo? Ya sake ɗaga wayar. Na ce to baƙonka in ya zo, a ina yake kwana?

"Haba Baba, wane baƙo kuma? Hoto nake aika masa Kano, ya turo kuɗi, in biya manomi, in cire la'adata. Ko gumi ba na yi. Duba ka gani."

Ya matso da wayar har hancina, ga buhunan wake a ɗaure a kan amalanke. Na duba da kyau, na ce Allah ya sa albarka, Allah ya sa hoton ya yi auki a tukunya.

Don shi da ire-irensa nake wannan magana. Kuna wucewa kuna ganin tsoho a kan tabarma yana tauna ƙwayar wake yana tofarwa, kuna cewa wannan ya samu sana'ar hutu, daga zaune ake kawo masa. Kallon kitse kuke wa rogo. Ni fatoma ne, ubana ma fatoma ne. Aikin fatoma shi ne ya sauki ɗan kasuwar da ya zo daga nesa, ya ba shi wurin kwana da abinci, ya haɗa shi da manoma, ya tsaya tsakani. Manomin garin Waca bai san Alhajin Kano ba, ba ya kuma neman ya san shi. Ni ya sani, ya san ƙofata, ya san inda aka binne ubana. In ya ba da wakensa bashi, ba baƙo ya ba, ni ya ba. Dokar gidanmu guda ce, ba a kuma rubuta ta ko'ina ba: buhu muddin yana kan amalanke na mai shi ne, amma da zarar ya taɓa ƙasar ƙofar fatoma, ya hau wuyan fatoma. Baƙo ya biya, baƙo ya gudu, baƙo ya mutu, duk ɗaya ne wurin manomi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma la'adar da kuke gani muna karɓa ita ce ladan.

Aikin farko da Baba ya ba ni a wannan sana'a shi ne kai wa baƙi tuwo. Na yi zaton kwana biyu ne sai a miƙo mini tiya. Har gemu ya fara tsiro mini ina ɗauke da akushi da butar alwala. In na fito daga zaure sai ya kira ni gefe ya ce, "Me ka gani?" In ce na ga baƙi suna cin tuwo. Ya ce, "Ashe makaho na haifa." A hankali na gane abin da yake nema. Wa ya fara kai hannu kan nama? Wa ya tuna da direbansa a waje? Wa ya tambayi farashi tun bai wanke hannu ba? Akwai wani da ya taɓa sauka wurinmu da babbar riga wadda aikinta kaɗai ya isa sayen bijimi, in ya yi sujada kuwa sai kowa ya idar ya naɗe tabarma shi bai ɗago ba. Na ce wa Baba yau mun saukar da waliyyi. Baba ya ce a auna masa iya kuɗin da ke aljihunsa, ko tiya ɗaya kar a ƙara. Na tambayi dalili, ya ce ya ga mutumin ya cinye nama ya tura wa yaronsa ƙashi. Mutumin ya yi fushi ya koma gidan wani fatoma a Magarya, ya ɗauki mota guda bashi, har yau ana jiransa ya ɗago daga sujada.

Kayan aikinmu ba su da yawa, in ka cire tiya duk za su shiga aljihun riga. Akwai basilla da zaren ɗinkin buhu, akwai ƙarfen nan mai kwarmi da ake soka wa buhu a zaro ƙwaya daga tsakiya, sai haƙori. Haƙorin ya fi duka. Wake in ya bushe, ka tauna sai ya ce ƙas ya rabe biyu. In ya lotse a baki, to da sauran ruwa a jikinsa, kafin ya kai kasuwar Kurmi a Kano ya yi baƙi, ƙwaro ya ƙarasa shi. Tiyar gidanmu kuma guda ce, da ita ake saye da ita ake sayarwa. Na san gidajen da ke da biyu, ɗaya an bubbuge gindinta har ta yi tumbi. Ba zan faɗi suna ba, jikokinsu suna gaishe ni.

Na tuna wata kaka da wani dattijo ya kawo ƴan buhunansa, sama fari tas, ƙasa fari tas. Na soka ƙarfe a tsakiya, sai ga tsakuwa da waken bara mai huji. Ni da ƙuruciya har na buɗe baki zan tara masa jama'a. Baba ya take mini ƙafa, ya ce wa dattijon, "Malam, ga alama yara sun haɗa maka kaya. A shiga da su ciki mata su gyara." Aka gyara, aka auna abin da ya saura, aka biya shi, ba wanda ya ji. Mutumin nan har ya mutu bai ƙara kawo mana ko tsakuwa ɗaya ba, ƴaƴansa ma ƙofarmu suka gada. Ku nuna mini inda ake danna wannan a waya.

Ranar da na fara ganin dokar gidanmu da idona, wani baƙonmu ne motarsa ta kife a hanya da gyaɗar mutane, ya rasu nan take. Magadansa suka ce ba su san zancen ba. Baba bai je gaban alƙali ba. Ya dawo daga ta'aziyya, ya kwance bijimansa ya kai kasuwa, ya bi manoma gida-gida yana biya. Inna ta yi ta faɗa, ta ce mutuwa ai ba laifinsa ba ce. Ya ce mata, "Ba laifin mai gyaɗa ba ce kuma." Da kaka ta zagayo sai da aka rasa wurin ajiye kaya a ƙofarmu, har maƙwabta suka ara mana fili. Daga nan na ɗauka abin a bayyane yake: ka biya, suna ya tsaya, kaya su dawo. A zamanin Baba haka ne, don mota ba kullum take kifewa ba.

Cikin manoman da na gada akwai Malam Habu, mutumin wani ƙauye a bayan Waca. Sa'ana ne, tare muka girma a bakin wannan zaure, shi yana riƙe wa ubansa shanu ni ina ɗauke da akushi. Habu yana da wani ƙulli nasa da yake ɗaure kaya da shi, ya riƙe tam a hanya amma ja ɗaya ke zare shi, ban taɓa ganin wani ya iya ba. In ya iso da amalanke, tun yana sallama hannunsa na kan igiya. Kafin mu kai "ina gajiya" ya zare, kafin mu kai "ya iyali" buhuna suna ƙasa, ya cire wa shanu karkiya ya ɗaure su a inuwa, ya shiga kasuwa neman tsire. Bai taɓa tsayawa awo ba. In na ce, "Habu, tsaya ka ga tiyarka," sai ya ce, "Fatoma, in zan tsaya gadin tiya, me ya kawo ni ƙofarka?" In kuɗi sun zo na miƙa masa, ya cusa a aljihu ba ya dubawa.

Babban baƙona kuwa Alhaji Sabo ne daga Kano. Tun yana riƙa wa ubangidansa jaka yake kwana a zaurenmu, kuma ya ci jarrabawar Baba, don shi sai direba ya ci yake ci. Da ya tsaya da ƙafarsa yakan zo da ƴar mota guda, ya biya rabi a hannu, rabi in ya sayar a Kurmi. Shekara da shekaru bai taɓa saɓa rana ba. In ya ce kasuwa mai zuwa, to kasuwa mai zuwa ce, ko da ruwa ya cinye hanyar Maigatari. Ina faɗar wannan ne don kar wani ya ji ƙarshen labari ya ce ai tsoho ɓarawo ya saukar. Da ɓarawo ne da na ji sauƙi, don ɓarawo na san kamanninsa tun ina kai tuwo.

Wata kaka sai ga Alhaji da manyan motocin kamyo, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Bayan an ci abinci na ce, "Alhaji, gado aka ci ne ba mu zo gaisuwa ba?"

"Maigida, banki ne. Suna ba ni jari da kaka, in na sayar in mayar musu da ɗan abin da ya hau kai."

"Ɗan abin da ya hau kai. A garinmu sunansa riba."

"Kowa a kasuwar hatsi ta Dawanau haka yake yi yanzu. Wanda ya tsaya da kuɗin aljihunsa sai dai ya yi wa wasu dako."

Na ce tsakaninsa da Ubangijinsa, ni dai wake nake aunawa. Kuma gaskiya ban ga ta inda abin ya shafe ni ba, ni da ko ƙofar banki ban taɓa leƙawa ba. A nan garin akwai kes, ɗan gidan bashin nan da ke ba mata da masu ƙananan sana'a rance, kuma duk wanda ke zama majalisarmu ta ƙofar masallaci ya san abin da nake faɗa a kansu. Nakan ce ranar da aka ga ƙafata a kes, a tabbata gawata aka ɗauko aka bi ta wurin. Ana dariya, ni ma ina jin daɗin bakina. A shekarun nan la'ada ta yi kauri, har na yi wa zaure rufin tol, wato kwano.

Muguwar shekarar da nake so in ba ku labari, ba fari aka yi ba, ba fara ba. Damina ta yi kyau, wake ya yi har ana rasa buhu. Amalanke na bin amalanke daga Waca da ƙauyukanta. Alhaji ya zo ya ce bana duk abin da aka samu yana so, amma kuɗin hannu kaɗan ne, saura in kaya sun isa Kurmi. Manoma suka dube ni, na ce a sauke. Habu ya kawo har da waken gamana, ƴar gonar matarsa, don ɗaya bijiminsa ya mutu, ɗayan ya tsufa, yana so ya sayi wani kafin shuka. Aka yi ciniki da kuɗinmu sefa kamar kullum, aka ɗinke buhuna, aka loda, muka yi addu'a, kamyo suka tashi.

Kasuwar alkawari ta zo ta wuce. Na kira Alhaji, ya ce a ƙara haƙuri. Wata kasuwar ta wuce. Daga nan na zama mutumin da aka fi ƙauna a Dungas. Tun da nake ban taɓa shan gaisuwa irin ta lokacin nan ba. Mutum ya taso daga ƙauye a ƙasa, ya zauna a tabarmata, ya tambayi lafiyata, da ta iyali, da ta shanu, da ta kaji, ya ƙare wa rufin tol kallo, sannan ya ce, "To, dama gaisuwa ce." Ba wanda ya ambaci kuɗi. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Habu kaɗai ne bai zo ba, kuma rashin zuwansa ya fi zuwan sauran nauyi.

Da wayar Alhaji ta fara shiga ba a ɗauka, na hau mota na ƙetare iyaka ta Maigatari na nufi Kano. Na tarar da shi da hantsi a kan benci a ƙofar shagonsa, shagon wayam, sai tsintsiya. Mutumin da na sani da tumbi, rigarsa ta koma kamar ta aro. Da ya gan ni bai gudu ba, ya tashi ya ba ni wurin zama, ya aika a sayo mini fura.

"Alhaji, ƴan Kurmi ne suka cinye ka?"

"Sun biya, Maigida. Ko sisin kwabo ba su rage ba."

"To ina kuɗin mutane?"

"Ta banki suka turo. Bankin kuwa ya ɗebe nasa tun ban gani ba."

Na ce ai nasa ɗan abin da ya hau kai ne, in ji ka. Sai ya yi mini bayani, ni kuma zan maimaita muku yadda kunnen mai awon wake ya ɗauka. Ashe su bankunan nan ma suna da uba, babban banki, can Abuja. Kuɗi kuma ashe hayarsu ake yi kamar amalanke, kuma wasu mutane ne ke zama lokaci-lokaci a wani ɗaki su yanke kuɗin hayar. In sun ɗaga, duk ƙananan bankuna su ɗaga. Alhaji ya karɓi bashi haya tana ƙasa, kafin wake ya isa Kurmi sun zauna sun ɗaga, kafin a gama sayarwa sun sake zama sun sake ɗagawa, kuma a cikin sharaɗin da ya yarda da shi an ce in sama ta motsa ƙasa ma za ta motsa. Ga shi naira ta zube a daidai lokacin. Shi da sefa ya yi ciniki da mu, da naira aka biya shi, ga mari ga tsinka jaka. Abin da banki ya rage masa, in an kai wurin ƴan canji, bai isa ya sallami ƙauye guda ba.

Na ce, "To me ya sa suka ɗaga?"

"Wai kaya sun yi tsada. In kuɗi suka yi wuyar samu mutane za su rage saye, sai farashi ya sauko."

"Wato don wake ya yi araha a Kano, sai a karya wanda ke kawo waken."

"Haka masu ilimi suka gani."

"To tashi ka kai ni wurinsu. Ni fatoma ne, na iya magana da manya. In gaishe su, in gaya musu akwai wani Habu a bayan Waca da ke jiran kuɗin bijimi."

Alhaji ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. Ya ce, "Maigida, ni da nake ɗan ƙasa, ko manajan reshenmu sai na yi ta zarya nake gani. Waɗannan a radiyo kawai ake jin su."

Na ce ikon Allah. Ubana ya koya mini in kalli yadda baƙo ke cin tuwo kafin in ba shi kaya. Ga wasu baƙi sun shigo tsakiyar cinikina sun yi kane-kane, ba su taɓa kwana a zaurena ba, ban ga hannunsu a akushi ba, ban san ko suna tura wa yaransu ƙashi ba. Alhaji ya ba ni abin da ya iya tattarawa, har da kuɗin motar hawansa, ya rantse zai biya saura in Allah ya buɗa. Na yarda da shi, har yau ma na yarda. Sai dai a kasuwar Dungas ba a sayen bijimi da rantsuwa.

Da na dawo, masu ba da shawara suka yi mini caa. Wani ya ce ƙaddara ce, a tara mutane a yi fatiha kowa ya rungumi hasararsa. Wani ɗan boko da ya yi lakwal ya ce ko gaban jandarma aka je ba ni da laifi, tunda ban sa hannu a komai ba, ni shaida ne kawai. Na gode masa, na ce lallai ilimi da daɗi. Wani kuma ya ce in tafi Agadas in sha iska har ƙura ta lafa. Duk cikinsu ba wanda wakensa ya taɓa ƙasar ƙofata.

Na fara da shanu, na bi da awaki, na kwance tol ɗin zaure na sayar, masu gaisuwa suka huta da kallonsa. Bai kai ko'ina ba. Saura garka. Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane ba. Gonar tudu kowa na da ita, yashi ce, amma garka a kwari, inda ruwa ke kusa har ka tono shi da hannu, ba a samunta sai ta gado ko ta masifar wani. Tamu Baba ne ya sare ta da hannunsa. Rake ne a ciki da rogo, da mangwaron da ya dasa shekarar da aka haife ni. Ita ke ciyar da baƙi a shekarar da la'ada ta yi ƙaranci, ita ce kuma abin da kowane manomi ke hangowa a bayana in na ce a sauke, ko bai faɗa ba. Na sayar da ita ga wani mai kuɗin garin nan wanda ya tausaya mini ƙwarai, ya yi ta salati, sannan ya taya rabin kuɗinta. Tun ranar da aka shaida cinikin har yanzu, in zan je Waca ta wata hanya nake bi.

Duk da haka da saura. Sai ga ƙafata a kes, kuma ba gawata aka ɗauko ba, da kaina na taka, da rana tsaka, ranar da matan gari suka cika benci. Suka matsa mini wuri cikin ladabi, wata ta ce, "Lale Baba Fatoma, kai ma gaisuwa ka zo?" Mai kula da wurin ya san duk abin da na sha faɗa a kansu, amma ya yi kamar bai sani ba, ya shigar da ni biro, wato ofishinsa, ya ba ni kujera. Da ya faɗi abin da zai hau kai, na kira shi yadda ake kiran ƴan boko, na ce, "Mushe, ai na ji bara ba haka kuke ba mata ba."

"Gaskiya ne, Baba. Mu ma a banki muke ɗaukowa, kuma namu babban bankin na Dakar ya ɗan ɗaga."

"Su ma sun zauna?"

"Sun zauna, Baba."

"To Allah ya ƙara musu lafiyar zama."

Na dangwala yatsa. Ni da na yi shekaru ina wa'azin riba a ƙofar masallaci ba tare da wani ya naɗa ni ba, na biya ta Abuja ta hannun Alhaji, na zo ina biyan ta Dakar da hannuna. A majalisa kuwa, in na iso sai a sauya zance.

Na bi ƙauyuka ina sallamar mutane ɗaya bayan ɗaya. Habu ya aiko cewa a bar shi ƙarshe, na kuwa bar shi. Ranar da na kai masa nasa har an fara haramar shuka, shanu sun yi tsada, kuɗin ba za su sayi bijimin da ya so ba. Na same shi yana gyaran danga. Ya karɓa ya cusa a aljihu kamar kullum, sannan ya ce, "Garkar ce?" Na ce ita ce. Ya ci gaba da ɗaure dangarsa, ni ma na hau kabu-kabu na dawo.

Alhaji Sabo yana nan da rai, yana awon wake kwano-kwano a bakin wata kasuwa. Lokaci-lokaci yakan aiko da ɗan abin da ya samu, in an canza shi ya isa cefanen kwana biyu, ina karɓa don kar in kunyata shi. Ni kuma na ƙara kayan aiki guda a kan basilla da haƙori, wato radiyo. Da labarin ruwa da na fara nake saurare. Yanzu in na ji an ce mutanen nan za su zauna, sai in sa gida ya yi tsit. An ce ba don mugunta suke yi ba, aikinsu ne, in ba su yi ba abin ya fi haka lalacewa, kuma wani lokaci ma saukarwa suke yi. Wataƙila haka ne, ni ban yi lakwal ba. Na dai san in an ɗaga yana riga kamyo isowa Dungas, in an sauke kuwa a ƙasa yake tahowa, har yau bai ƙetare Maigatari ba. Ku masu waya kun huta, in mai turo muku kuɗi ya karye sai ku goge lambarsa ku nemi wani. Karen bana shi ke maganin zomon bana, na ji, na kuma yarda. Amma ku saurari abin da ya rage, don shi ne abin da ni ma Baba bai koya mini ba.

Da kaka ta zagayo na sa aka share ƙofa, aka shimfiɗa tabarmi, na wanke tiya. Ban ci dala ɗaya ta kowa ba, duk ƙasar nan an shaida, har liman ya yi misali da ni a masallaci. Na samu sabon baƙo daga Kano, mutumin kirki, direbansa ke fara ci, shi ma rabi a hannu rabi in an sayar. Na zauna ina jira. Amalanke suna zuwa, masu su suna ɗaga mini hannu da girmamawa, "Fatoma, Allah ya saka da alheri," suna wucewa wurin masu waya da ke biya nan take, ko da kuwa da tiya mai tumbi ne. Ban damu ƙwarai ba. Na ce bari Habu ya zo, in aka ga kayansa a ƙasa sauran za su biyo.

Wajen azahar sai ga shi, da tsohon bijimin nan da wani ɗan maraƙi da bai gama sabawa da karkiya ba. Ya tsaya daidai inda ya saba. Ya yi sallama na amsa. Muka yi ina gajiya, muka yi ya iyali, muka kai har ƙarshen gaisuwa, hannunsa bai je kan igiya ba. Aka kawo masa ruwa ya sha a tsaye, shanu na cikin karkiya.

Na ce, "Habu, rana na dukan shanu. Kwance mana."

Ya ce, "Baƙon naka da kuɗi a hannu ya zo?"

"Rabi. Saura in an sayar, yadda aka saba. Ko na taɓa cin naka?"

"Ba ka taɓa ba."

"To ka daina yarda da ni ne?"

Ya daɗe yana shafa wuyan tsohon bijimin. Sannan ya ce, "Fatoma, duk duniya ba wanda na yarda da shi kamarka. Na san in na sauke, ko me ya faru sai ka biya ni, ko da me za ka sayar. Shi ya sa ba zan sauke ba. Motar zamanin Baba sau ɗaya ta kife, mutanen bankin nan kuwa an ce ba su gajiya da zama. Garka ɗaya aka bar maka, kuma na riga na ci rabona a cikinta. Saura gidan da ƴaƴanka ke kwana, shi kuwa ba da wakena za a ci shi ba."

Ni da ba a taɓa kayar da ni a zance ba, ranar nan Habu ya kayar da ni. Ya miƙo mini ƙunshin goron da ya sayo mini, ya kora shanunsa. Ina zaune ina kallon buhunan a ɗaure har amalanken ya sha kwana.

Tun daga nan duk kaka yakan tsaya a ƙofata, ya sha ruwa, ya ba ni goro, ya wuce. Hoton da Mutari ya matso mini da shi har hanci ranar nan, ban gaya masa ba, amma na gane ƙullin igiyar. Waken Habu ne.